Babi na Shida: Riga Mai Lamba Tara

A Kakuri, can kudancin Kaduna, akwai masaƙar da ake kira UNTL. Lokacin da take ganiyarta dubban ma'aikata ne ke cin abinci a cikinta, atamfarta kuwa har ƙasashen maƙwabta ake fatauci da ita. Kamar sauran manyan kamfanoni na wancan zamani, masaƙar tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa tata ta kanta, kuma a cikin wannan ƙungiya ne wani dogon saurayi ya fara nuna kansa a farkon shekarun 1980. Iyayensa mutanen Ira ne ta jihar Kwara, amma shi a Kaduna aka haife shi, ranar 23 ga Oktoba, 1963. Sunansa Rashidi Yekini.

Bai daɗe a UNTL ba Ibadan ta ɗauke shi. Da Shooting Stars ya kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta hana su kofi. Daga nan sai Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajiri Moshood Abiola, sai Africa Sports ta Abidjan, sai kuma Vitória de Setúbal ta ƙasar Fotugal a 1990. A Setúbal ne ƙafarsa ta buɗe sosai. A kakar 1992 zuwa 1993 ya zura ƙwallo 34 a rukuni na biyu, ya hau da ƙungiyar rukunin manya. Kaka mai bi mata ya ci 21, babu wanda ya kai shi a duk gasar ƙasar, har da 'yan Benfica da Porto da Sporting. A 1993 hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi gwarzon shekara, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan kambu. A gasar cin kofin nahiyar Afirka ya fi kowa cin ƙwallo sau biyu a jere: huɗu a Senegal a 1992, biyar a Tunisiya a 1994, shekarar da Super Eagles ta doke Zambiya da ci 2 da 1 ta ɗauko kofi. Jimillar abin da ya ci wa Najeriya 37 ne, kuma an shafe fiye da shekara ashirin bayan ya ajiye takalmi babu wanda ya kamo shi.

Duk wannan lissafi yana nan a rubuce. Amma ka zauna a majalisar dattawan 'yan kallo, a Tudun Wada ko a Fagge ko a Sabon Garin Zariya, ka ambaci sunan Yekini, da wuya ka ji an kawo maka ko ɗaya daga ciki. Ƙwallo guda za a ba ka labari.

Ranar 21 ga Yuni, 1994 ce, a filin Cotton Bowl da ke birnin Dallas na Amurka. Najeriya ba ta taɓa taka gasar cin kofin duniya ba sai ranar. A can da yamma ake wasan, a nan gida kuwa dare ya raba, don haka duk wanda ya ce maka ya kalla, to ya yi yaƙi da barci, ya yi yaƙi da NEPA, wataƙila ma ya tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci mai janareta. Gidajen kallo irin na yanzu ba su yawaita ba tukuna. Mai talabijin shi ne sarkin unguwa a wannan dare, ya fito da akwatin ƙofar gida, yara a gaba a kan tabarma, manya a baya a kan benci. Ƙasar kuma ba lafiya take ba. Shekara guda ke nan da soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Sani Abacha na kan mulki, Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa kwana goma kafin wasan. Kwana biyu bayan wasan aka kama shi. Tsohon ubangidan Yekini ke nan.

A minti na 21 Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, tsohon ɗan Ranchers Bees, ya tura wa Finidi George ƙwallo ta gefen dama. Finidi ya gilma ta gaban raga, Yekini ya taɓa ta ta shige. In don ƙwallon ce kaɗai, ba ta cikin goma mafi kyau da ya taɓa ci, yaro ma zai iya tura ta. Abin da ya biyo baya ne ya zauna a zukata. Gudun da ya kwaso bai tsaya ba sai cikin raga. Ya cusa hannayensa ta cikin zaren, ya damƙe, ya girgiza, ya dunƙule hannu a gaban fuskarsa, baki buɗe yana ihu kamar mai kuka. Amokachi da Emmanuel Amunike suka ƙara ɗaya ɗaya, aka tashi 3 da nema. Kuma ba ƙaramar ƙasa aka yi wa haka ba, domin Bulgeriya ɗin nan ta Hristo Stoichkov ita ce ta je ta fitar da Jamus, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Me yake faɗa a cikin ragar? A nan ake raba gari. Wani ya ce sunansa yake kira, wani ya ce godiya yake wa Allah, wani ya rantse sunayen iyalinsa yake jerowa. Kowa da tabbacinsa, alhali duk a allo ɗaya suka gani, babu kuma wanda ya ji sauti. Haka ma zancen da ya daɗe yana yawo cewa bayan wannan ƙwallo abokan wasansa sun daina ba shi, wai don kishi. Gaskiya ne bai sake ci ba a gasar, ko a wasan Ajantina da aka sha kashi 2 da 1, ko na Girka, ko na Italiya da Roberto Baggio ya farke saura minti biyu a tashi, ya kuma ƙara ta biyu da fenareti a ƙarin lokaci. Amma ni ina ganin mai kallo ya fi son labarin cin amana a kan labarin cewa masu tsaron bayan Italiya sun san aikinsu.

Abin da ke damuna da irin wannan tuni shi ne ƙanƙancewa yake yi. Duk shekara sai wani abu ya zube. An manta ƙwallaye biyun da ya ci Gabon a Tunisiya, da biyun da ya ci Zayar, da fenaretin ƙarshe da ya fitar da Kwaddibuwa. An manta cewa a Faransa a 1998, yana da shekara 34, ya shigo daga benci a wasan Sifaniya ya miƙa wa Garba Lawal ƙwallon da gola Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa. Kusan babu mai tuna ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, ya kuma sa rigar Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41. Mutum mai shekara ashirin da ɗoriya a fili ya koma hoto guda: koriyar riga mai farin ado a wuya, hannu a cikin raga.

Wannan rigar ta Adidas ce, kuma tana da wata daraja ta daban a wurin masu tara rigunan wasa, domin gasar 1994 ita ce gasar duniya ta farko da aka buga sunayen 'yan wasa a bayan riguna. Kafin nan lamba ce kawai. Ke nan rigar Dallas tana ɗauke da sunan mai ita a sama da lamba tara.

A Turai tara irin waɗannan riguna sana'a ce mai zaman kanta, da dillalanta da dokokinta. Sun kasa riga uku. Akwai wadda ake sayarwa a kanti, kowa ya saya ya sa. Akwai wadda aka ɗinka wa ɗan wasa aka rataye masa a ɗakin sauya kaya amma bai sa ba. Sai kuma wadda ya sa ya shiga fili, ta sha guminsa. Ta ukun nan ita ake rububi, kuma gwargwadon dattinta gwargwadon kuɗinta: shatin ciyawa a kafaɗa, taɓo a ƙirji, yagewar da ɗan baya ya yi mata. Akwai kamfani a Amsterdam, MatchWornShirt, da ke karɓar riguna daga ƙungiyoyi da zarar an tashi wasa ya yi gwanjonsu ta intanet, kuma abin da yake tallatawa shi ne ba a wanke su ba. Uwar da ta ga ɗanta ya biya kuɗi ya sayo rigar wani ƙato mai warin gumi, ya kuma hana a sa mata sabulu, ai sai ta nemo masa rubutu.

Hanyar da yawancin tsofaffin riguna suka fita daga hannun masu su ita ce musaya. An ce abin ya faro ne a 1931, ranar da Faransa ta ci Ingila 5 da 2, 'yan wasan Faransa suka roƙi rigunan abokan karawarsu don tunawa. A 1966 kocin Ingila, Alf Ramsey, ya shiga fili ya riƙe rigar George Cohen ya hana shi musaya da ɗan Ajantina, don haushin yadda wasan ya gudana. A 1970 Pele da Bobby Moore suka tuɓe wa juna a Guadalajara. Babu wanda ya kawo kuɗi a ransa a lokacin. Sai a 2002, da aka sayar da rigar da Pele ya sa a wasan ƙarshe na 1970 a kan fam 157,750 a dillalan Christie's na Landan, tsofaffin 'yan wasa suka fara leƙa akwatunansu. Rigar ta fito ne daga gidan Roberto Rosato, ɗan bayan Italiya da ya karɓe ta a fili.

Wadda ta girgiza kasuwar ita ce ta Diego Maradona, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, don yana nuna abin da ake saye a zahiri. Kafin wasan Ajantina da Ingila na 22 ga Yuni, 1986 a filin Azteca, kocin Ajantina ya ga shuɗayen rigunan da suke da su sun yi nauyi ga zafin Meziko. Aka aiki mutum ya zaga kantunan birnin ya sayo wasu marasa nauyi, aka ɗinka musu tambarin ƙasa cikin gaggawa, aka manna musu lambobi masu ruwan azurfa da dutsen guga. Rigar kasuwa ce tsaf. A cikinta Maradona ya ci ƙwallon hannu, ya kuma ci wadda ya yanke rabin 'yan Ingila. Bayan an tashi, Steve Hodge, ɗan tsakiyar Ingila wanda ƙwallon ta tashi daga ƙafarsa kafin Maradona ya sa mata hannu, ya gamu da shi a hanyar ɗakin sauya kaya ya nemi musaya. Hodge ya riƙe rigar shekara 36, kusan ashirin daga ciki tana aro a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila. A watan Mayu na 2022 dillalan Sotheby's suka sayar da ita a kan fam miliyan 7.1.

Kafin a buga ƙararrawa sai da aka yi rigima. 'Yar Maradona, Dalma, ta fito ta ce wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda aka ci ƙwallayen da ita ba, tunda dukansu biyun bayan an dawo hutu aka ci su. Sotheby's ta ɗauko masu gwada kaya da hoto. Aikinsu shi ne su faɗaɗa hotunan wasan su bi zare da zare: inda tambari ya karkace, inda lamba ta faɗa a kan layin saƙa, inda bakin ɗinki ya tsefe. Suka ce ita ce. Ka lura, yadin bai canza ba, ko ta farko ce ko ta biyu, kanti ɗaya aka sayo su. Miliyoyin suna rataye ne a kan shaida. Haka kuma da aka sayar da riguna shida na Lionel Messi na gasar Qatar a kan dala miliyan 7.8 a Disambar 2023, kowace an san wasan da aka sa ta da rabin da aka sa ta.

To a nan ne lamarin ya sha bamban da namu. A wurinmu girman riga a jiki yake. Basarake ko attajiri in ya ji daɗin mutum, sai ya tuɓe wadda ke wuyansa ya ba shi, wanda aka ba kuwa ba ya kai ta ɗaka ya kulle. Sawa zai yi ranar Juma'a, ya sa ranar Sallah, ya sa ranar suna, kowa ya gani ya san daga inda ta fito, har ta koɗe ta mutu. Ɗan wasan da ya dawo gida daga Turai ko daga sansanin Super Eagles a shekarun 1990 jakarsa ba ta kwana. Ƙanne da abokai da yaran unguwa da tsohon kocin da ya fara koya masa, kowa na da rabo. Rigar da wani a Milan zai sa wa gilashi, a nan an buga wasan unguwa da ita a filin makarantar firamare, an wanke ta da sabulun wanki, an shanya ta a rana har lambar ta ɓaɓɓake. In kuma mutum ya rasu, tufafinsa na cikin abin da ake rabawa magada, ko a bayar sadaka don ladan ya kai gare shi. Ban ga abin zargi a nan ba. Wanda ya tufatar da ƙaninsa ya fi wanda ya tufatar da bango. Sai dai wannan hali yana da farashi, kuma farashin shi ne idan masu labari suka ƙare, babu wani abin da za a ɗaga a nuna.

Ba wai ba mu iya ajiya ba ne. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna suna riƙe da kayan sarauta da na siyasa. Ƙwallo ce dai ba a ɗauka tarihi ba, wasan yara ake ganinta, duk da cewa a watan Afrilun 1994 hukumar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da har yau babu ƙasar Afirka da ta taka. Ita kanta UNTL ta rufe a 2007, kamar yadda sauran masaƙun Kakuri suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kuma idan kamfani ya mutu, kayan ƙungiyar ƙwallonsa su ne na ƙarshe da wani zai tuna ya kwashe.

Abin da ya cika giɓin shi ne jabu. A 2018 Nike ta fitar wa Najeriya riga mai zanen fuka-fukai wadda ta ɗauko salo daga farar rigar 1994, aka yi dogon layi a kantinta na Landan, ta ƙare a ranar. Tun daga nan kasuwar tsofaffin rigunan Super Eagles ta farfaɗo, masana'antun Asiya suka shiga buga na 1994 da na 1996 sababbi fil, da sunan duk wanda kake so a baya. Matashin da aka haifa bayan 2000 yana yawo da YEKINI a gadon bayansa, kuma ban ƙi ba, ko ba komai zai sa wani ya tambaye shi wane ne. Matsalar tana farawa ne idan aka tsufar da irin wannan riga da gangan, aka haɗa ta da labari: wai wani kawu ne direban ƙungiya, wai a otal aka ba shi. Mai tarawa na gaske ba ya sayen labari. Zai juya rigar ya duba lakabin wuya da na gefe, ya ga ko irin na shekarar ne. Zai duba yadda aka manna lamba da girmanta, domin na fili da na kanti sukan bambanta. Zai tambayi hannu nawa ta bi, wa ya ba wa, ko akwai takarda daga ɗan wasan ko daga wanda ya yi musaya da shi. Kuma ya san ɗan wasa kan samu riga fiye da ɗaya a wasa guda, musamman a zafi irin na Dallas a watan Yuni, don haka ko riga ta tabbata ta ranar ce, saura a tabbatar da ita ce ta minti na 21.

Abin mamaki, mai neman tsohuwar rigar ƙwallo ta ainihi ya fi kusa da samunta a cikin dilar gwanjo da a kantin zamani. A Kasuwar Barci ta Kaduna ko Ƙofar Wambai ta Kano, idan aka yanke dila, a cikin tarin kayan da Turawa suka gaji da su akan tsinci rigunan ƙungiyoyi na shekaru talatin baya, na kanti ne amma na gaske. Yanzu wasu matasa sun gano haka, suna zuwa da sassafe su tsince, su ɗauki hoto su sayar ta waya, wani lokaci ma rigar ta koma ƙasar da ta fito da ninkin kuɗinta. Irin wannan ciniki ne wasu ɗalibai biyu suka fara a Manchester a 2006, ya zama kamfanin Classic Football Shirts.

Yekini ya yi shekarunsa na ƙarshe a Ibadan, a keɓe, ba ya son taro, ba ya neman muƙami a hukumar ƙwallo. Jaridu sun yi ta rubutu a kan rashin lafiyarsa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012 yana da shekara 48, aka kai shi Ira aka rufe. Allah ya jiƙansa. Gidajen da gwamnati ta yi wa tawagar 1994 alkawari bayan kofin Tunisiya sai a 2021 aka amince a ba waɗanda ba su samu ba. Kafin nan Uche Okafor ya tafi, Thompson Oliha ya tafi, haka Wilfred Agbonavbare da kyaftin Stephen Keshi, bayan nan kuma gola Peter Rufai ya bi su a 2025.

Wannan jerin sunaye shi ne ya sa batun riguna ya wuce sha'awar masu kuɗi. Shaidar da kasuwa ke nema, wadda gidan tarihi ma zai nema, a bakin waɗannan mutane take: wa ya yi musaya da wa, wace riga aka dawo da ita gida, wa aka ba. Amokachi na nan, Finidi na nan, Amunike da Sunday Oliseh da Samson Siasia suna nan, kuma wataƙila a ɗakunan wasunsu akwai rigunan Italiya da Ajantina da suka karɓo, kamar yadda nasu suke a gidajen tsofaffin 'yan wasa a Sofiya da Roma da Buenos Aires. Wasan Ajantina na 25 ga Yuni shi ne na ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa, kafin gwajin fitsari ya fitar da shi daga gasar, don haka duk rigar da ta fito daga wannan fili, ta kowane ɓangare, dillalan Landan sun san kuɗinta. Aikin da ke gaban hukumar ƙwallon Najeriya ko gwamnatin Kaduna bai kai gina filin wasa tsada ba: mutum ɗaya mai rikoda da kyamara, ya bi waɗanda suka rage gida gida, ya ɗauki hoton kowace riga ciki da waje, mai ita ya faɗi wasan da ranar, ya sa hannu.